Damagaram: Birnin Duwatsu da Gadon Baƙinsa

Duk wanda ya taso daga Magarya ko Dungas ya nufi arewa, abin da zai fara tarbarsa a Damagaram shi ne manyan duwatsun da suka rungume tsohon Birni. A tsakanin waɗannan duwatsu ne sarakunan Damagaram, waɗanda asalinsu Barebari ne, suka kafa fadarsu a farkon ƙarni na 19.

Ga mutumin kudu, wannan ziyara tana da wani nauyi na dabam. Ƙasashen Sosebaki, wato Dungas da Wacha da Mirriya, sun riga daular Damagaram kafuwa, amma a ƙarni na 19 suka koma ƙarƙashinta, musamman a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya tanadi igwa, ya kuma rasu a 1884. Ke nan harajin kudu yana cikin abin da ya gina wannan birni.

Haka kuma baƙi suna da nasu kaso. Unguwar Zango masaukin ayarin Abzinawa ce da fatake Larabawa na Gadamas da Tarabulus, kuma arzikin wannan fatauci ne ya tayar da gidaje masu zanen ado irin na attajiri Malam Yaro. Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka a garin a ƙarshen 1852. Bayan kisan Kyaftin Cazemajou a 1898, Faransawa suka ci garin a 1899, suka mai da shi hedkwata daga 1911, kafin su koma Yamai a 1926.

Gadon baƙi yakan wuce zamansu. A birnin Kars, cikin tsaunukan gabashin Turkiyya, cocin da Armeniyawa suka gina a ƙarni na 10 yana nan tsaye, yau masallaci ne, domin da dutse aka gina shi. Namu ginin na ƙasa ne: in aka daina yaɓe, damina kaɗan sun isa su shafe tarihin shekara ɗari.

Saboda haka ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu na Magarya da Dungas su riƙa kai ɗalibai Birni da Zango, su zauna da dattawa, su rubuta sunan kowane gida da asalin mai shi tun masu sani suna raye. Gani ya kori ji.