Daga Tama zuwa Sifirin Mota: Tarihin Ƙarfen Wuƙa da Takobi a Ƙasar Hausa da Abzin

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki wuƙar ƙira a kasuwar Damagaram ko ta Kano zai ga siffarta ba ta yi nisa da ta kakanni ba: ga ruwan wuƙa, ga ƙota, ga kube na fata. Abin da ya sauya shi ne ƙarfen da aka ƙera ta da shi. Wannan takarda ta kasa tarihin wannan ƙarfe zango uku: zangon tama, zangon ƙarfen fatake, da zangon tsohon ƙarfe.

2.0 Zangon tama

Tama ita ce dutsen da ake gasawa a fitar da ƙarfe daga cikinsa. Aikin tama ya daɗe ƙwarai a wannan yanki. Masu binciken kayan tarihi sun tono alamunsa a Tarmit, gabashin Nijar, da Taruga a tsakiyar Najeriya, inda matoyan tama suka kai kimanin shekara 2,500. A gindin dutsen Dala na Kano kuwa an sami shaidar wannan aiki tun ƙarni na 7. Har wa yau, tarihin baka yana danganta sunan birnin da wani maƙeri mai suna Kano, wanda ya zo daga Gaya neman tama.

Aikin yana da wahala. Sai an haƙo tama, an farfasa ta, an sare itace mai ƙarfi irin su ƙirya an yi gawayi, sannan a gina matoya da yumɓu. Abin da ke fitowa bayan dogon gashi curi ne na ƙarfe haɗe da kashinsa. Maƙeri zai yi ta mayar da shi wuta, yaro na zuga, shi yana dukansa da masaba bisa uwar maƙera, har dattin ya fita. Saboda haka ƙarfe abu ne mai daraja. Fartanya idan ta cinye ba a yar da ita. Sai a mayar da ita wuƙa ko aska.

3.0 Zangon ƙarfen fatake

Cinikin Sahara ya kawo wani irin ƙarfe, wato ruwan takubba da aka ƙera a Turai, musamman a garin Solingen na Jamus. Matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a 1850 ya kuma shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kimanin ruwan takobi 50,000 ke shigowa Kano a shekara. Tsirara suke zuwa, ba ƙota ba kube. Maƙeran gida ke yi musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, daga nan a bazu da su cikin ƙasashe.

Wannan ciniki ya bar alama a jikin takobin Abzinawa, wanda suke kira takoba. Kalmar ƴar'uwa ce ga takobi na Hausa. Takobi ne miƙaƙƙe mai kaifi biyu, da kwari a tsakiyarsa. A kan wasu ana ganin tambarin maƙeran Turai, kamar hoton dabba mai gudu ko jinjirin wata guda biyu. Da yake masu saye sun ɗauki tambarin a matsayin shaidar nagarta, maƙeran gida su ma suka riƙa buga shi a kan abin da suka ƙera da hannunsu.

A Abzin ƙira gadon wasu gidaje ce da ake kira inadan. Maza ke aikin ƙarfe da itace, mata ke aikin fata. Su ne kuma ke ƙera telek, gajerar wuƙa da ake ɗaurawa a hannun hagu, ana ƙawata ƙotarta da tagulla ko jan ƙarfe.

4.0 Zangon tsohon ƙarfe

Zuwan Turawan mulki ya juya al'amarin gaba ɗaya. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, daga baya motoci suka yawaita. Nan da nan kasuwa ta cika da guntayen ƙarfen dogo, da gangunan mai, da ɓaraguzan motoci. Maƙeri ya ga babu dalilin wahalar gasa tama, alhali ga ƙarfe tatacce da araha. A wajen wuƙa, sifirin mota ya fi samun karɓuwa, domin idan aka gasa shi ya yi ja, aka tsoma a ruwa ko mai, yakan yi tauri ya riƙe kaifi.

Ta haka matoya suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar Adar na cikin wuraren da sanin tama ya fi daɗewa. A can ne Nicole Echard ta ɗauki aikin a fim a shekarun 1960. Philip Jaggar kuma ya wallafa littafi a kan maƙeran birnin Kano a 1994, inda ya bayyana yadda sana'ar ta bi sauyin zamani.

5.0 Kammalawa

Ƙira ba ta mutu ba. Mahauci da wanzami da manomi har yanzu suna zuwa maƙera, kuma har yanzu da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Abin da ya kusa ɓacewa shi ne rabin farko na sana'ar: sanin dutsen da ke da ƙarfe, da ginin matoya, da lissafin wuta. Sani idan ya tafi, da kalmominsa yake tafiya. Yaro a yau ya san zuga-zugi da awartaki domin yana ganinsu, amma tama sai an yi masa bayani. Ga ɗalibin harshe, aikin da ke gaba shi ne ya zauna da dattawan maƙera, ya rubuta sunayen kayan aiki da matakansa daga bakinsu, tun suna raye.