Ranar da mai gadi ya kama maigida: zare

1/ Jama'a, makon jiya kwamfutata ta ƙi tashi ana saura kwana shida in miƙa babi na uku na furojet. Ba bairos ne ya kama ta ba. Antibairos ɗin da wani mai gyara ya saka min ne ya cafke wani fayil na Windows ya killace. Haushi ya sa na bi tarihin abin, ashe tsohon ciwo ne.

2/ Kafin labarin, ku riƙe abu ɗaya. Antibairos mai gadi ne da aka ba makullin kowane ɗaki. Kullum kamfaninsa na aiko masa da sabon jerin kamannin ɓarayi ta intanet. In aka yi kuskure a jerin, zai kama ɗan gida, kuma ba mai hana shi.

3/ Mayun 2007, a China. Norton na kamfanin Symantec ya ɗauki fayiloli biyu na Windows XP na harshen Sinanci, netapi32.dll da lsasrv.dll, a matsayin cuta. Duk wanda ya yarda aka cire su, da ya sake kunna kwamfuta sai shuɗin allo. A Nuwamban 2008 AVG ya yi irin haka da user32.dll.

4/ Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Laraba 21 ga Afrilun 2010. McAfee ya fitar da sabuntawa mai lamba 5958. Ta kalli svchost.exe a Windows XP SP3 ta ce cuta ce mai suna W32/Wecorl.a.

5/ Wanda bai san svchost.exe ba: shi ke ɗauke da ayyukan Windows da yawa a bayan fage, har da haɗa kwamfuta da netwok. Da aka killace shi, kwamfutoci suka dinga mutuwa suna tashi, suna mutuwa suna tashi.

6/ A jihar Rhode Island ta Amurka wasu asibitoci sun ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A Kentucky an ce wa 'yan sanda su kashe kwamfutocin motocin sintiri. A Ostareliya wasu kantunan Coles sun rufe saboda injinan karɓar kuɗi sun tsaya cak.

7/ To ga inda gizo ke saƙar. McAfee ya fitar da gyara a ranar. Amma ta ina gyaran zai shiga? Ta netwok. Wane fayil aka kama? Mai riƙe da netwok. Maganin na bakin ƙofa, mai gadi ya ɗaure mai buɗe ƙofar.

8/ Sai dai a bi su da ƙafa. Ma'aikaci ya ɗauki filash, ya tayar da kwamfuta a sef mod, wato yanayin da Windows ke tashi da 'yan abubuwan dole kawai, ya saka gyararren jerin, ya maido da svchost.exe, ya wuce tebur na gaba. Ku ƙiyasta ofis mai kwamfuta dubu.

9/ Watanni huɗu bayan haka Intel ya sanar da sayen McAfee a kan dala biliyan 7.68. Ni dai na karanta wannan na yi shiru.

10/ Akwai na ban dariya ma. A 2012 Sophos ya kama manhajarsa ta sabuntawa, a 2015 Panda ya killace fayilolin kansa.

11/ Sai Juma'a 19 ga Yulin 2024, wanda da yawanmu mun gani a labarai. Ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, CrowdStrike ya tura wani ƙaramin fayil mai lamba 291 zuwa manhajarsa ta Falcon. Wannan karon ba a kama kowa ba, mai gadin ne ya yanke jiki ya faɗi.

12/ Manhajar ta nemi bayanai 21, aka ba ta 20. Ta miƙa hannu ɗaukar na ƙarshen a inda babu komai. Da yake a can cikin ƙwaryar Windows take zaune, faɗuwarta ta ja gidan duka.

13/ Cikin minti 78 suka janye fayil ɗin, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ce na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu Windows. Sai dai na filayen jirgi ne da bankuna da asibitoci. Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000.

14/ Gyaran fa? Sef mod, a shiga jakar CrowdStrike, a goge fayil mai farawa da C-00000291, a sake kunnawa. Kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kamar 2010. In an kulle ta da BitLocker kuma sai an nemo lambobi 48 an shigar da hannu. Wasu an ce musu su yi ta kashewa da kunnawa, har sau 15.

15/ George Kurtz, shugaban CrowdStrike a 2024, shi ne babban jami'in fasaha na McAfee a 2010. Ban ce shi ya danna maɓallin ba. Amma a ganina wanda ya ga na farko da idonsa bai kamata kamfaninsa ya tura fayil ga kowa a lokaci guda ba. Sai bayan ɓarnar suka yi alƙawarin turawa kashi-kashi.

16/ Ni ma hanyar nan na bi. Na shiga sef mod, na buɗe inda aka killace fayil ɗin na maido da shi, na cire antibairos ɗin gaba ɗaya, na bar Defender da ya zo da Windows. Mai gyaran da farko cewa ya yi a goge komai a sa sabon Windows. Da na yarda, da furojet ɗina ya tafi, don ba ni da kwafi ko ɗaya.

17/ Babi na uku ya isa a kan lokaci. Malam ya maido min shi da jan biro tun daga shafin farko, amma wannan ba laifin antibairos ba ne.