Daga Power Wagon Zuwa Raptor: Tarihin Ɗaga Ƙafar Akori-kura

Duk mun sha ganin akori-kurar nan da aka ɗaga ta yi tsayi, sai mutum ya kama ƙofa ya yi tsalle kafin ya shiga. Yawancinmu mun ɗauka ado ne na samari masu kuɗi. Tarihi kuwa ya nuna larura ce ta fara haifar da abin, ado ya biyo baya.

A Amurka aka soma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Dodge ya ɗauki ƙirar motocin da ya yi wa soja ya mayar da ita ta farar hula, ya fitar da Power Wagon a 1946, mai ja da ƙafa huɗu, don manoma da masu aikin daji. Ford da Chevrolet ba su da irinta, sai ƙananan masana'antu suka shiga tsakani. Marmon-Herrington na juya motocin Ford tun shekarun 1930, NAPCO kuma na sayar da kayan da ake ɗaura wa Chevrolet da GMC. Sai a 1959 Ford ya fara haɗa tasa a masana'antarsa. Waɗannan motoci duk dogaye ne, amma ba don gayu ba: an ƙera shasinsu ne don ja da ƙafafun baya kawai, to da za a cusa aksil mai ja a gaba, dole aka ɗaga motar don ya sami wurin motsi a ƙarƙashin inji. F-250 da Ford ya yi daga 1967 zuwa tsakiyar 1977 har laƙabi aka yi mata, Highboy, saboda tsayinta.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A 1967 aka fara tseren hamadar Baja a Meziko, daga Tijuana zuwa La Paz. Masu tsere suka gane cewa tsayi kaɗai ba ya kai mutum gida. Abin da ake nema shi ne taya ta sami damar hawa da sauka sosai a kan ramuka, da shokozoba wadda ba ta mutuwa idan ta yi zafi. Ɗaya hanyar kuwa ta Bob Chandler ce, mutumin yankin St. Louis, wanda ya yi ta ƙara wa F-250 ɗinsa tsayi da manyan tayoyi har aka sa mata suna Bigfoot. A 1981 ya hau kan tsofaffin motoci ya murƙushe su, aka ɗauki hoton bidiyo, abin ya zama wasan da ake cika filaye don kallo. Samari suka kwaikwaya, kasuwar kayan ɗaga mota ta buɗe.

A nan ne ya kamata mu tsaya, don a nan ake yaudarar mai saye. Hanya mafi arha ita ce a sa ƙananan tubala tsakanin bodi da shasi. Bodi ya hau, shasi da duk abin da ke ƙarƙashinsa na nan inda suke. Ɗaya hanyar ita ce a canza sifirin da shokozoba, shasi ya tashi gaba ɗaya. Amma ko a wannan, tulun giyar nan da ke tsakiyar aksil na baya bai matsa daga ƙasa ko da inci ɗaya ba, domin a kan tayoyi yake zaune. Babbar taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da aka ƙara: taya mai inci 31 in aka maye ta da mai 33, inci ɗaya tak aka samu. Ke nan amfanin ɗagawar shi ne samar wa taya wuri, da hana hancin mota da gindinta dukan tudu.

Kuɗin da ake biya kuwa bai tsaya a shago ba. Nauyin mota ya koma sama, kwanar da take sha lafiya a da yanzu tana iya kifar da ita. Babbar taya na ƙara wa birki aiki, tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya. Motocin zamani da kowace ƙafar gaba ke motsi ita kaɗai, irin Hilux ta yanzu, sun fi ƙin wasa: in aka wuce kimanin inci 2 ba tare da gyara sauran sassa ba, sandunan da ke juya tayoyin gaba sai su karkace, su riƙa cinyewa da wuri.

Mutanen Ostireliya, masu doguwar tafiya a daji da ruwa da mai a baya, sun bi ta wata fuska. Kamfanoni irin su Old Man Emu suna sayar da sifirin ne bisa nauyin da mota ke ɗauka kullum, tsayin kuma yawanci bai wuce milimita 50 ba. Wannan tunani ya fi kusa da namu. Direban da ke tashi daga Agadas zuwa Dirku da jarkoki da fasinja, damuwarsa kada bayan mota ya zauna a kan aksil. Sai dai sifirin mai tauri da aka sa wa motar da ke yawo ba kaya, shi ma azaba ne, baya ya yi ta tsalle a kan gargada. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda ake kira Yaƙin Toyota, cikin abubuwan da suka ba akori-kura galaba a kan tankoki a Fada da Wadi Dum akwai sauri da rashin nauyi a kan rairayi.

Su kansu masu ƙera motocin darasin Baja suka ɗauka. Da Ford ya fitar da F-150 Raptor ta 2010, ya ƙara mata faɗi kusan inci 7, ya sa shokozobar Fox, ƙafar baya na iya hawa da sauka kimanin ƙafa guda. Tsayin da aka ƙara kaɗan ne in aka kwatanta da faɗin.