Littafin da Hitler ya "rubuta" a New York

1/ Jama'a, ana hutun makaranta na karanta wani littafi da ya hana ni barci. Sunansa The Iron Dream, na wani Ba'amurke Norman Spinrad, ya fito a 1972. Ku biyo ni a wannan zaren.

2/ Kana buɗe shi sai ka tarar da wani littafin a ciki, Lord of the Swastika, marubucinsa wai Adolf Hitler. A duniyar da Spinrad ya ƙaga, Hitler bai yi mulkin Jamus ba. Ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1919, yana zane wa mujallun ƙagaggun labaran kimiyya, daga baya ya koma rubutu, ya mutu a 1953. Har lambar yabo ta Hugo aka ba littafin bayan mutuwarsa.

3/ Labarin cikin: bayan yaƙin nukiliya, halittar yawancin mutane ta gurɓace. Sai ga jarumi Feric Jaggar, dogo, ƙaƙƙarfa, mai "tsarkin jini", ya hau mulki ya shiga share duk wanda bai kama da shi ba. Tarihin 'yan Nazi ne sak, an dai sauya sunaye.

4/ Amma Spinrad ba Hitler kaɗai yake wa shaguɓe ba. Littattafan jarumta masu arha da Amurkawa suka daɗe suna rububi yake kwaikwaya: zaɓaɓɓen gwarzo, makami na gado, maƙiya munana da ba a jin tausayin kashe su. Wallahi a babin farko ina bayan Feric. Sai da na yi nisa na gane wa nake tafa wa, kunya ta kama ni.

5/ A ƙarshe akwai sharhin wani malamin jami'a na bogi, Homer Whipple. Ya yi wa littafin kaca-kaca, sannan ya kwantar wa masu karatu hankali cewa mutum irin wannan ba zai taɓa samun mulki a zahiri ba. Nan na ajiye littafin na yi shiru.

6/ Ba shi ya fara saka littafi cikin littafi ba. Philip K. Dick ya yi a 1962 cikin The Man in the High Castle. Na Spinrad dai ya fi ɗaci, kuma gaskiya ya yi tsawo, tsakiyarsa sai da na riƙa tsallake yaƙe-yaƙe.

7/ To ga inda abin ya juye. A 1982 hukumar kare matasa ta Jamus ta Yamma ta hana tallata shi da baje shi a shaguna, wai yana ɗaukaka aƙidar Nazi. Sai da mawallafin ya je kotu aka ɗage takunkumin a 1987.

8/ Can Amurka kuma jam'iyyar 'yan Nazi ta saka shi a jerin littattafan da take so magoya bayanta su karanta. Su labarin Feric ya yi musu daɗi yadda yake.