Koyon Saƙar Hoto a Tarihi: Daga Masaƙar Gobelins Zuwa Ƙauyen Harraniya

1.0 Gabatarwa

Saƙar hoto, a ma'anar da aka ɗauka a wannan maƙala, ita ce saƙar da ake fitar da siffar mutum ko dabba ko itace a jikin saƙar kanta, ta hanyar sarrafa zaren ulu mai launi iri-iri. Ta bambanta da ɗinkin ado, wanda ake yi a kan ƙyallen da aka riga aka saƙa. A nan masaƙi yakan ɗaura zaren tsaye, sannan ya riƙa ratsa shi da zaren kwance, kowane launi ya tsaya iyakar inda ake bukatarsa ya juyo, a kuma danne shi har zaren tsaye ya ɓuya gaba ɗaya. Manufar maƙalar ita ce ta duba hanyoyi biyu da aka bi wajen koyar da wannan sana'a, da kuma tambayar da ta raba su, wato wane ne mai hoton, mai zane ko masaƙi?

2.0 Hanyar Turai

Tun a tsakiyar zamanai masaƙan Turai suke aiki da zanen da wani ya yi musu, sai dai ana bar musu damar zaɓen launi da ƙara ado. Wannan dama ta fara raguwa a ƙarni na 16. Tsakanin 1515 da 1516 Fafaroma Leo na 10 ya sa shahararren mai zanen nan Raphael ya zana hotunan da aka kai birnin Burasel aka saƙa. Daga nan martabar mai zane ta ɗaukaka, aka riƙa auna gwanintar masaƙi da yadda ya iya kwaikwayon zanen fenti.

Wannan tsari ya kafu sosai a Faransa. A 1662 Colbert, wazirin Sarki Luwis na 14, ya sayi gidan Gobelins a birnin Paris, aka tara masaƙa a ciki ƙarƙashin mai zane Charles Le Brun. Dokar sarki ta 1667 ta tanadi ɗaukar yara a koya musu sana'a na shekara shida, su ƙara huɗu suna aiki, kafin a ɗauke su a matsayin gwanaye. Masaƙi yakan zauna a bayan saƙar, zanen da aka ba shi yana rataye a bayansa, yana duba fuskar aikin ta madubi. Abin da aka koya masa ke nan: bin layi da daidaita launi, ba tare da ƙari ko ragi ba.

Hanyar ta iso Afirka bayan samun 'yancin kai. A 1966 Shugaba Senghor ya buɗe masaƙar ƙasa a garin Thiès na Senegal, ƙarƙashin mai zane Papa Ibra Tall, da masaƙan da suka koyo aikin a Faransa. Hotunan na Afirka ne, amma rabon aikin bai sake ba: wani ya zana, wani ya saƙa.

3.0 Hanyar Harraniya

Ƙasar Masar tana da daɗaɗɗen tarihi a wannan sana'a. An samu guntayen irin wannan saƙa a kabarin Fir'auna Tutmos na 4, wanda ya yi mulki wajen shekara 1400 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Kiristocin Kibɗawa sun shahara da ita a ƙarnonin da suka gabaci zuwan Musulunci. A cikin zuriyarsu aka haifi Ramsis Wisa Wasif a Alƙahira a 1911. Ya karanta ilimin zanen gine-gine a Paris, ya dawo gida ya koyar. Abin da ya dame shi shi ne yadda kayan inji suke kashe sana'o'in hannu, da yadda masu sana'ar da suka rage suka koma maimaita tsofaffin zane ba tare da ƙirƙira ba.

A 1941 ya fara gwada koya wa yara saƙa a wata makaranta a tsohuwar Alƙahira. A farkon shekarun 1950 kuma shi da matarsa Sofi suka sayi fili a Harraniya, wani ƙauyen manoma kusa da dalolin Giza, suka fara aiki da yaran ƙauyen. Ba a yi musu jarrabawar tantance hazaƙa ba, domin a ra'ayinsa kowane yaro yana da baiwar ƙirƙira. An koya musu ɗaura zare da ratsa shi, aka kuma riƙa biyan su ladan abin da suka saƙa.

Ya kafa ƙa'idoji uku. Ta farko, ba a yin zane kafin saƙa. Ta biyu, ba a nuna wa yaran ayyukan wasu don su kwaikwaya. Ta uku, ba a yarda manya su soki aikin yaro ko su tsoma masa baki ba. Nauyin ƙa'ida ta farko yana bayyana idan aka tuna cewa saƙa tana tashi ne daga ƙasa zuwa sama, kuma a babban aiki akan naɗe ɓangaren da aka gama. Ashe ke nan dole masaƙi ya riƙe hoton duka a zuciyarsa na tsawon watanni, ya yanke shawara a kan kowane zare, domin gyara ba ya yiwuwa sai da warwara. Yaran suka saƙa abin da idonsu ya saba gani, kamar dabino da bauna da tsuntsayen bakin kogin Nilu.

Daɗin daɗawa, an koma ga rinin gargajiya: shuɗi daga baba, wanda marinan ƙasar Hausa suka sani sarai, ja daga saiwar tsiron da Larabawa ke kira fuwwa, rawaya kuma daga tsiron reseda. Ƙarancin launukan ya tilasta wa masaƙan neman dabarar haɗa su da kansu.

An baje kolin ayyukan a Alƙahira a 1957, sannan a ƙasar Suwizalan a 1958, daga nan sunansu ya bazu. Wisa Wasif ya rasu a 1974, matarsa da 'ya'yansa mata biyu, Suzan da Yowanna, suka ci gaba da horar da sabon rukunin yara. A 1983 gine-ginen cibiyar, waɗanda aka yi da tubalin laka, suka sami kyautar Aga Khan.

4.0 Kammalawa

Kowace hanya tana da abin da ta samar da abin da ta rasa. Gobelins ta fitar da gwanaye masu hannu na ban mamaki, amma sunan mai zane aka fi tunawa. Harraniya ta mayar wa masaƙi hotonsa, har 'ya'yan manoma suka zama masu fasahar da ake sanin aikinsu da sunansu. Duk da haka ana iya cewa tsare yara daga ganin ayyukan wasu shi ma wani nau'in iko ne na malami. Bugu da ƙari, da kasuwa ta buɗe, sai masu kwaikwayo suka cika yankin suna maimaita hotunan don masu yawon buɗe ido, wato cutar da aka tashi magancewa ta dawo ta wata ƙofar. Abin da tarihin ya tabbatar shi ne, hannun da aka koya wa ratsa zare yana iya ɗaukar nauyin tunani, muddin tsarin koyarwa ya bar masa wannan nauyi tun daga ranar farko.