Tukunyar Arlit da gardamar "kaɗan ne"

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai goro ko atamfa arewacin Nijar ya san Arlit, garin da ke cikin hamada gaba da Agadas. Ƙasar Buzaye ce, amma Hausa ake ji a kasuwarta, don mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa sun cika ta. Yuraniyom ne ya kafa garin. Faransawa suka buɗe kamfanin Somair a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971. Na biyu, Cominak, an kafa shi a 1974, ya soma haƙa a ƙarƙashin ƙasa kusa da Akokan a 1978. Uwar kamfanonin ta sauya suna sau da dama: Cogema, Areva, yanzu Orano.

Shi wannan dutse yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sai na'ura. Mai yawansa kisa yake yi nan take, wannan ba gardama. Rigimar Arlit a kan ɗan kaɗan ɗin ce, wanda mutum ke sha a ruwa, yake shaƙa a ƙura, shekara da shekaru.

Wanda ya fara ɗaga murya ma'aikacin ma'adinan ne da kansa, Almustafa Alhasan. Ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a faɗa musu sunansu, sai a farkon shekarun 2000 ya kafa ƙungiyar Aghir In'Man, wato garkuwar rai da harshen Buzaye. Ya gayyato masu bincike na CRIIRAD, wata cibiya mai zaman kanta da aka kafa a Faransa bayan hatsarin Chernobyl na 1986. Da suka sauka Yamai a Disambar 2003, aka riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgi. Da ƙananan da suka rage musu suka ƙarasa Arlit.

Abin da suka tarar ya shafe mu 'yan kasuwa kai tsaye. Tsofaffin bututu da ƙarafan da kamfani ya gama da su sun fito kasuwa, 'yan gwangwan suna sayarwa, maƙera suna yin tukwane da ƙofofi, wasu suna rufin ɗaki da su, alhali na'ura na nuna tururi a jikinsu. Matar da ta sayi tukunya ta duba ko tana yoyo, ta yi ciniki, ta biya. Ina za ta san sauran? Duwatsun da aka tono aka zubar kuma an yi cikon tituna da su. A 2007 aka gano irinsu daf da asibitin Cominak a Akokan, kamfani ya ce ya share. Da mutanen Greenpeace suka zo a Nuwambar 2009, sun auna wani wuri a titin Akokan da ya ninka na al'ada kusan sau 500, kuma cikin samfurin ruwa biyar na yankin Arlit, huɗu sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa.

Kamfani bai yi shiru ba. Ya ce abin da ke isa jikin mazauna gari bai kai iyakar da doka ta yarda da ita ba, milisibat 1 a shekara bayan wanda Allah ya halitta a ƙasa. Ya ce ya gina asibitoci, yana duba mutane kyauta. Masu adawa suka amsa cewa masana kariya daga tururi su kansu suna aiki ne da ƙa'idar cewa kowane ƙari, komai ƙanƙantarsa, yana ƙara hatsarin ciwon daji. Suka ƙara da tambayar da ta fi ciwo: asibitin na wa, likitan wa ke biyansa?

A gaskiya, tabbatar da cewa wannan ƙurar ce ta kashe wane ba abu ne mai sauƙi ba. Dajin huhu kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, ga taba, ga ƙurar hamada. Amma a Islamiyya an koya mana cewa mai kaya ne zai bayyana aibin hajarsa, ba a ɗora wa mai saye ya tono shi. A namu ganin, mai na'urar awo da asibiti da takardun marasa lafiya shi ya kamata ya kawo hujja, ba gwauruwar leburan da ko sunan cutar ba a gaya mata ba.

Dubi yadda ta kaya a kotu. Serge Venel Bafaranshe ne da ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985, dajin huhu ya kashe shi a 2009. A 2012 wata kotu a Faransa ta ɗora wa Areva laifi, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, wai Cominak ce ta ɗauke shi aiki, ba Areva ba. To wannan mai lauya ke nan a Faransa, ina ga leburan Akokan?

An rufe Cominak ranar 31 ga Maris 2021, aka bar tulin shara mai tururi kimanin tan miliyan 20, kamfani ya yi alkawarin binne shi da yumɓu da dutse. A Yunin 2025 gwamnatin sojan Nijar ta karɓe Somair daga hannun Orano. Tulin sharar yana nan, iskar hunturu na bi ta kansa.

Mu a Sabon Layi kada mu ɗauka labarin nesa ne. Motocin gwangwan suna shiga Mubi suna fita kullum, ba wanda ke tambayar asalin ƙarfen. Masana duwatsu kuma sun daɗe da gano alamun yuraniyom a Ghumchi, nan ƙasar Michika.