Kasa Narkar da Sukarin Madara

Kasa narkar da sukarin madara yanayi ne da cikin mutum ke ɓaci bayan ya sha madara, saboda hanjinsa ba ya iya sarrafa sukarin da ke cikinta, wanda masana ke kira laktos. Kimanin kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya ƙarfin hanjinsu na narkar da wannan sukari yana raguwa bayan yaye. Don haka likitoci ba sa ɗaukar yawancin masu shi a matsayin marasa lafiya. Halin da akasarin 'yan Adam ke ciki ke nan.

Yadda jiki ke narkar da laktos

Laktos haɗin sukari biyu ne, gulukos da galaktos. Madarar shanu tana ɗauke da shi kusan kashi 5 cikin 100, nonon uwa kuwa kusan kashi 7. Jini ba ya karɓar laktos a haɗe, sai an raba shi biyu. Mai wannan aiki shi ne laktes, wani sinadarin narkar da abinci da ake samarwa a fatar cikin ƙaramin hanji. Da zarar ya raba su, sukarin biyu sai su shiga jini su zama makamashin jiki.

Idan laktes ya yi ƙaranci, laktos yakan wuce yadda yake zuwa babban hanji. A can yana janyo ruwa cikin hanji, kashi ya yi ruwa-ruwa. Ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a wurin kuma su rugurguza shi, su fitar da iskar haidurojin da kabon dayoksaid, wani lokaci har da misen. Wannan ne ke kawo kumburin ciki, ƙugi, murɗa, yawan fitar iska, tashin zuciya da gudawa. Alamun sukan fara tsakanin minti 30 zuwa awa 2 bayan shan madarar, kuma tsananinsu ya danganta da yawan abin da aka sha.

Ire-irensa

Mafi yawa shi ne na gado, wanda laktes ke raguwa a hankali bayan yaye, alamun kuma su bayyana a ƙuruciya ko bayan balaga. Na biyu yana biyo bayan cutar da ta ji wa hanji rauni, kamar gudawa mai tsanani, tamowa ko cutar siliyak, kuma yakan wuce idan hanjin ya warke. Na uku ana ganinsa ga bakwaini, wanda hanjinsa bai gama nuna ba. Na huɗu shi ne a haifi jariri ba shi da laktes ko kaɗan. Wannan da wuya a gamu da shi, kuma an fi samunsa a ƙasar Finlan.

Gado da tarihin kiwo

Ƙwayar gadon da ke sarrafa laktes, LCT, tana kan kuromozom na 2. A wasu al'ummu an sami wani sauyi a kusa da ita wanda ke sa ta ci gaba da aiki har tsufa. Sauyin ya bazu cikin shekaru dubbai da suka wuce a tsakanin makiyayan da rayuwarsu ta dogara ga madara. A 2002 masu bincike a Finlan suka gano nau'in da ya yaɗu a arewacin Turai. A 2007 Sarah Tishkoff da abokan aikinta suka bayyana wasu nau'o'in daban a makiyayan Kenya, Tanzaniya da Sudan, abin da ya nuna baiwar narkar da laktos har tsufa ta samo asali fiye da sau ɗaya. A gabashin Asiya kuwa mafi yawan manya ba su da ita.

Nijeriya na cikin wuraren farko da aka nazarci lamarin. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka wallafa bincike a mujallar Lancet, inda suka nuna mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da laktos, alhali mafi yawan Yarbawa ba sa iyawa. Daga baya aka gano Fulani da dama suna ɗauke da nau'in da Turawa ke da shi.

Ganowa

Gwajin da aka fi yi shi ne na numfashi: a ba mutum laktos ya sha, sannan a riƙa auna haidurojin da ke fita a numfashinsa. Inda babu na'ura, likita kan ce a bar madara na kimanin mako biyu, sannan a koma mata a ga ko alamun za su dawo. Wannan yanayi daban yake da alajin madara, inda garkuwar jiki ke yaƙi da furotin ɗin madarar. Alaji kan kawo ƙaiƙayi, kumburin leɓe da sarƙewar numfashi, kuma yana iya kisa. Kasa narkar da laktos yana da wahala, amma ba ya lalata hanji.

Zama da shi

Mafi yawan masu wannan hali suna jure gram 12 na laktos a zama ɗaya, wato kimanin kofi guda na madara, musamman idan tare da abinci aka sha. Nono mai tsami, kindirmo da yogot sun fi sauƙi, domin bakteriyar da ke sa su tsami ta riga ta mayar da wani kaso na sukarin zuwa asid. Shi ya sa wanda shayi mai kaurin madarar gari ke murɗa wa ciki zai iya shan fura da nono lafiya lau. Man shanu kuwa laktos ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma madarar da aka raba laktos ɗinta tun a masana'anta, da ƙwayoyin laktes da ake haɗiya kafin a sha madara.

Wanda ya rage madara ya nemi kalsiyam daga ganyen kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu, domin babba yana buƙatar kimanin miligram 1,000 a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci gaba da shayar da jariri nono ko yana gudawa. Wanda kuma ya ga jini a bayan gida, ko rama, ko gudawar da ta ƙi tsayawa, kada ya ɗora wa madara laifi, ya je asibiti a duba shi.